Anti Sikeli Ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai na safe ta riga ta buɗe tagogin ɗakin awo, ta goge benci, ta jawo tsohon sikelinta tsakiyar ɗaki. Shekara talatin da ɗaya nas ɗin ƙaramin asibitin unguwarmu tana haka. Yara ne suka laƙaba mata Anti Sikeli, har manya suka manta sunanta na gaskiya. Juma'ar nan za ta yi ritaya.

Ni kaina na taɓa yin fushi da ita. Tari ne ya sa na kai mata 'yata Auta, tana shekara tara. Ta auna ta, ta shafa baƙin da ya zagaye mata wuya, ta ce, "Maman Auta, wannan ba dauɗa ba ce, alamar gargaɗi ce. A danginku wa ke da ciwon suga?"

Na ce kakarta ta wajen uba, shi ya ci mata ƙafa. Na ƙara da cewa ƙibar yarinya ai jin daɗi ne, a daina sa mata ido.

Ta yi dariya. "Idona da tabarau ma da ƙyar yake gani. Turo min babanta gobe, kafin ya karya."

Baban Auta direba ne, wuni yake a zaune, lemon kwalba a gefen kujera. Ya je yana gunaguni, ya dawo da sakamakon gwajin jini a hannu. Ashe ciwon ya daɗe da kama shi.

Ranar hutunta sai ga ta a gidanmu. Ta karɓi kofi, ta dinga zuba sukari cokali bayan cokali don mu ga abin da ke cikin kwalbar lemo ɗaya. A na bakwai maigidan ya ɗaga hannu: "Anti, tsaya haka, na tuba!"

Ta ce, "Gadon ba zan iya cire muku ba. Amma abin da za ku ci, da tafiyar da za ku yi, wannan naku ne."

Ita ta matsa wa hedimasta har ya yarda a bar filin makaranta a buɗe bayan la'asar. Mu uku, ni da Auta da babanta, muka fara zagaye shi, ana mana dariya. Yau sai ka je da wuri kafin ka sami wurin ajiye takalmi.

Yanzu Auta tana sakandare, ita ke yi wa ajinsu gudu, gwajinta na bana lafiya lau. Babanta yana shan maganinsa, da ƙafafunsa biyu yake taka mota.

Anti, ke ce kika faɗa mana gaskiya lokacin da muke harararki, kuma ba ki fasa ba. Allah ya saka miki, ya ba ki hutu mai daɗi.

Mu kuma da muka saura, wanda ya ga alama a jikin ɗan maƙwabci ya daure ya faɗa. Za a ji haushinka na mako guda. Ni na ji nata, ga shi yau ina rubuta mata godiya.