Agogon da muka aro

Shekarun baya, a lokacin da damina ta yi mana gardama a jere, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare ta ƙauye, arewa da Kano. Shekarun ne da mata suke sauke kwanukan jerensu ɗaya bayan ɗaya, a kai kasuwa a auno gero. Yara kan zo makaranta da kwaɗon rama a ciki, wasu ko shi ba su samu ba.

A wani zangon karatu ne manhaja ta ce in koya musu duba agogo. Makarantar kaf babu agogo. Tashi ma da inuwar darbejiya ake yi, idan ta taɓa dakalin ofis sai a buga ƙarfe. Na fara da wayata mai nuna lamba, wannan bai ba su wuya ba. Da muka zo kan mai hannu kuwa, sai na koma zane a allo, ni da ban taɓa zana da'ira ta fito daidai ba. Wani ɗan baki a baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, agogon ne ko goruba?" Ajin ya fashe da dariya, har da ni. Babbar matsalar ita ce hannun zane ba ya motsi. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa dogon hannu yana zagaye, gajeren yana binsa a hankali, suna kallona kawai.

Da na gaji sai na tambaya ko akwai mai agogon bango a gida. Washegari wata ɗalibata, 'yar siririya marar yawan magana, ta shigo da abu a ka naɗe da zane, tana takawa a hankali kamar ta ɗauko tulu.

"Innata ta ce a gaishe ki. Ta ce aro ne, a riƙe shi da kyau."

Da la'asar na je gidan yin godiya. Nan na gane nauyin abin da na karɓa. Ɗakin matar wayam, sai tabon inda kwalla da langa suka taɓa zama. Ta ce mahaifinta, Allah ya ji ƙansa, shi ya sayo mata agogon da za a kawo ta, kuma shi kaɗai ya rage a kayan ɗakinta. Tun da batirinsa ya ƙare bai sake motsi ba.

"Ko mai gidan bai taɓa sa masa hannu ba, Malama. Don ke ce, kuma don karatu ne."

Na ce mata hannuna ya karɓa, hannuna zai mayar.

Ran kasuwar Gezawa na ba da saƙo aka sayo batir. Da na saka ya fara tafiya, ajin ya yi tsit, kowa ya kasa kunne yana jin bugunsa. Cikin 'yan kwanaki yaran da suka gagare ni suna rige-rigen cewa goma da rabi, sha ɗaya saura kwata. Yarinyar nan ta fi kowa, ita ke gyara wa na kusa da ita.

Ana haka aka ce mai duba makarantu zai zo daga birni. Hedimasta ya leƙo ajina, ya ce a kai agogon ofishinsa, wai ba zai karɓi babban baƙo a bango tsirara ba. Na ce masa na aro ne. Ya ce, "Haba Malama, na yini ɗaya ne fa, cinye shi za mu yi?"

To a wajenmu irin wannan baƙo ba ya komawa hannu biyu. A kan sa masa kaji a mota, ko ƙwan zabi, ko kwaryar gyaɗa. A shekarar kuwa ko kazar da za a kama babu. Abin da aka ba ni labari daga baya, baƙon ya ɗaga kai ne ya ce, "Kai, irin wannan tsohuwar ƙirar ai yanzu ba a samu." Hedimasta bai ko numfasa ba ya ce, "Ai naka ne, ranka ya daɗe."

Ina aji na hango ta taga direba ya rungumo shi zuwa mota. Wallahi ban san lokacin da na fita ba, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Yallaɓai, wannan ba na makaranta ba ne. Kayan ɗakin wata baiwar Allah ne."

Baƙon ya dubi hedimasta. Shi kuwa ya yi dariya ya ce, "Malama ce, akwai ta da zafi. Mun riga mun gama magana da masu shi." Ƙarya tsagwaronta, a gaban yara. Baƙon ya ga ya fi masa sauƙi ya yarda, ya ja ƙofa, mota ta tashi.

Na bi hedimasta har ofis. Ya ce, "So kike in ce wa babban mutum ya dawo da kyauta? A ina aka taɓa yin haka?" Na ce, "A ina aka taɓa yin kyauta da kayan mutane?" Ya ce idan albashi ya zo zai sayo wani. Har aka yi masa canjin wurin aiki bai sayo ba. Na shiga mota na je birni neman baƙon, aka yi ta ce mini ya fita, har na haƙura.

Sai da na yi kwanaki ina kewaye layin gidan mai agogon kafin na iya yin sallama. Na faɗa mata komai. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Amma sai ta ce, "Yarinyar ta iya kafin a ɗauke?"

"Ta iya. Ta fi kowa."

"To alhamdu lillahi. Ni tun da aka rataya shi ban taɓa sanin me yake cewa ba. Da na so ta dawo da shi ne ta riƙa faɗa mini."

Na fito zaure na tsaya ina kuka, har sai da wani tsoho ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Mutane da yawa sun ce mini in manta, agogo ne kawai, kuma hedimasta kunya ce ta kama shi. Ni dai har yau idan na tuna raina ɓaci yake yi. Ya ji kunyar mutumin da ya zo da mota, bai ji kunyar matar da ta sayar da kwanukanta don 'ya'yanta su ci ba. Daga baya na sayi wani a kasuwa na kai mata. Ta yi godiya ƙwarai, ta sa albarka, ta ajiye shi a ƙarƙashin gado. Ban taɓa ganin ta rataya shi ba.