Malamin da Bai Saurari Waƙoƙin Kakata Ba

Ku gafarce ni. Ɗaliba ce ni, ban isa in yi rubutu a kan malami ba, amma shirun ya gagare ni.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, tara ga Oktoba 2025, Allah ya karɓi ran Malam Abdulhamid, mai koya mana tarihi a lakwal, wato makarantarmu ta Illela, bayan gajeruwar jinya a Konni.

Malam, kai ka koya mana ɗaukar maganar tsofaffi da waya, mu adana a kwamfuta. Ba ka yarda a zuba murya haka nan. Sai an rubuta wa ya faɗa, a wane gari, daga bakin wa ya ji, da wanda aka yarda ya saurara. Kakan ce ko gero dami-dami ake jera shi a rumbu.

Kakata Saude ungozoma ce a Dogarawa. Ita kaɗai ta rage da waƙoƙin da ake yi wa mai naƙuda, ga shi ta tsufa. Da na je mata da waya sai ta ce, “Ƙawata, waƙar ɗaki ce, namiji bai jin ta. Ko malamin naku zani yake ɗaurawa?”

Na gaya maka kaina a sunkuye, ina zaton za ka ce a haƙura. Sai ka nuna mini yadda ake ware wuri mai lambar sirri, ka sa na rubuta “mata kaɗai”, ka juya baya har na zaɓi lambar. Duk ranar da mu ƴan mata za mu kwafi waƙoƙin, kakan ɗauki kujerarka ka koma gindin dogon yaro, ka ce mu kira ka in mun gama.

Kaka ta ba da wasu, ta riƙe wasu, tana jiran ta ga ko za ka cika alkawarin ƙin saurara. Da na kai mata labarin rasuwarka ta tambaye ni, “Har ya tahi bai ji ba?” Na ce ko ɗaya. Ta yi maka addu'a, sannan ta ce in ɗauko wayar. Yanzu dukansu suna adane, shi ya sa hankalina yake kwance.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Inna Talatu da ƴaƴanku, Allah ya ba ku haƙuri.

Inna, in kin ba ni izini, zan sake rubuto miki bayan kin fita takaba, in kawo miki waƙoƙin. Ke mace ce, an yarda ki ji abin da Malam ya tsare.