Tanimu da Ƙwaron Wake

Tanimu ɗan Ƙetare ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar hoton fasfo a Ƙanƙara, fuskoki a ɗaure kamar an kama masu su da akuyar maƙwabci. Da furfura ta fara leƙo masa sai ya rantse ba zai mutu ba sai ya yi hoto ɗaya wanda babu fuskar kowa a ciki, amma a tsaya a kalla. Yaran jami'a fasahar zamani suke kiran irin wannan. Mu taurin kai muka san shi.

Ana nan sai Alhaji Hadi na Sheme, mai sayar da buhunan nan masu leda a ciki da ke hana wake ɓaci, ya nemi Tanimu ya yi masa allon talla. Alhaji har ya kai babbar riga guga, don a nan allo ba ya cika sai da mai shago ya rungume hajarsa yana washe baki.

Tanimu ko kallon rigar bai yi ba. Ya ɗebo ƙwari daga tsohon waken matarsa, ya kwanta rub da ciki a shagon Alhaji yana lallashin ɗaya ya tsaya a bakin buhun da aka ɗaure. Wannan ya tashi, ya ɗora wancan, har gwiwar hannu ta saluɓe.

Allo ya fito: ƙwaro ƙato kamar jaki, ya dafa ɗaurin buhu, shi kaɗai.

"Kai Tanimu, mi ne ne wannan? Ina ni?"

"Alhaji, ai ba kai za a saya ba."

"Cewa za a yi ƙwari nike saidawa! Liƙa ni ko a kusurwa ne."

"Ko hularka ba za ta shiga ba. A kafa shi ranar kasuwa. In ba a tsaya ba, ni da hannuna zan sauke."

Aka kafa a bakin titi. Manoma suka yi cirko-cirko, wani ya ce ƙwaron shiga zai yi, wani ya ce kuka yake. Can wata tsohuwa ta kwashe da dariya: "Ɗan banza, an kulle maka gida!" Ta nemi buhu.

Allon bai sauka ba. Alhaji dai ya jawo kujerarsa ƙarƙashinsa, da babbar riga, yana yi wa matafiya bayanin yadda dabarar ta zo masa bayan sallar asuba.