Kunnen Geum-rye

Pyo Man-sik ya tsufa yana ɗaukar hoto a bakin kasuwar kifi ta Mokpo a Koriya, shagonsa na jikin rumfar da nake sayar da miya. Tun da waya ta kashe sana'ar, abin da ya rage masa shi ne gyara hoton da ake jinginawa cikin furanni a gidan makoki. Mutanenmu kuwa ba sa son mamaci ya fito da tsufansa.

Idonsa ya yi rauni, saboda haka sai ya kwashe duk akwatunan kayan aiki daga fuskar kwamfuta, ya yi ta ƙara girman hoto har ƙurji ɗaya ya kai murfin tukunya. Amma yana da ƙa'ida: in ya goge abu, sai ya rage girman, ya jingina, ya dubi fuskar gaba ɗaya. Nakan tsokane shi cewa ya fi ango kallon mutane.

Matarsa Geum-rye ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba. Hotonta guda ne, wanda ya ɗauka a sace tana gyaran kifi, kuma a kwamfutar nan kaɗai yake.

Ranar da ta rasu na kai masa miya, na tarar idonta ɗaya ya cika gilashin kwamfutar. Na ce ya ja baya ya duba mana.

"Yaya, ba zan iya kallonta duka ba," in ji shi.

Haka ya bi ta gutsure-gutsure. Ya share tawadar Allah da ke kumatunta, ya cike haƙorin da ya ɓantale, ya goge layukan goshi. Hannu ya saba, ya adana gyararren a kan na asali, ya rufe, ya aika a wanke.

Da aka kawo, 'yarsu Seon-ok ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wace ce wannan?"

Babu wani hoton. A gidan makoki muka yi layi muna rusunawa gaban hoton wata kyakkyawar baƙuwa, ni kuwa takaici ya hana ni kuka.

Har yau yana buɗe shago, amma ya daina karɓar aiki. In na leƙa, kunnenta na hagu nake gani ya cika gilashin, da hujin ɗan kunnen da ya yage. Nan ne kaɗai hannunsa bai kai ba.