Jinin Baba a Kwalba Biyu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kankiya, ni da mahaifina. Tun bara likita ya ce hantarsa ta ƙandare, a riƙa kai shi Katsina ana duba shi, domin irin wannan ciwo kan rikiɗe ya zama daji. Tsoron abin da za mu ji ya sa muka yi ta ɗagawa.

Hanya lafiya lau, gero ya fitar da kai dama da hagu. Kuɗin mota ne dai ya tashi, har direba ya fi fasinjoji mita. An hana Baba karyawa sai an ɗebi jini, ga shi a Caranci mai ƙosai ta kawo tirenta daidai tagarsa. Ya runtse ido ya kama tasbihi, 'yan mota suna ta dariya.

Asibitin cike yake, har da makiyaya da sandunansu a jingine. Da layi ya zo kanmu aka ɗebi jininsa kwalba ɗaya, aka yi masa hoton ciki. Likitar ta daɗe tana kallon na'ura. Can ta ce, "Baba, babu ƙari." Na zauna a ƙasa ban sani ba.

Sai ta roƙi a ɗebi jini kwalba ta biyu. Ta ce hanta na sarrafa abin da muka ci, tana barin burbushi a jini, kuma suna bincike ko burbushin zai nuna wanda daji ke tunkara tun hoto bai gan shi ba. Ba ta ɓoye mana ba: abin bai tabbata ba tukuna, wataƙila ma ba Baba zai amfana ba.

Baba ya naɗe hannun riga. "Ɗiyata, ɗebi. Wani ma da 'ya'yansa."

Da azahar muka sauka gidan gwaggona a Ƙofar Kwaya, ta dama mana fura, ta cika mana jaka da kuka da daddawa.

Mun iso gida gab da magariba. Inna na tsaye a zaure, sai kallon fuskokinmu take yi. Baba ya ce, "Alhamdulillahi," ta rufe fuska da mayafi.

Tafiyar ta koya mini cewa zaman gida cikin fargaba ya fi zuwa asibiti wahala. Ranar komawa na zuwa, ni zan tashe shi.