Filin Da Yaya Umaru Ya Bar Wa Ruwa

Damina tara ke nan da muka rufe yayana Umaru a Yelwa, amma har yau in hadari ya haɗo ta wajen kogi, shi nake fara tunawa.

Safiyo ne, mai awon filaye, a ƙaramar hukuma. Da aka ba mu jiha kowa ya tashi neman fili, sai aka sa shi ya yanka sabuwar unguwa a bayan gari, inda wata fadama take kwance da tafkinta. An saba yin awo da rani, ƙasa a bushe, aiki ya yi sauri. Shi kuwa sai da ya jira tsakiyar damina, ya naɗe wando, ya bi bakin ruwa yana kafa turaku. Abin da ya faɗa cikin turakun ba a yanka wa kowa, kuma kowane layi sai da ya fitar masa da kwata mai gangarawa tafkin. A haka aka sa wa taswirar hannu. Mu a gida tsiya muke masa, muna kiransa wakilin kwaɗi.

Inna ce ba ta ga abin dariya ba, don gonar da ya gada wurin babanmu kusan duk tana cikin turakun. Ta ce, "Umaru, kai ka yanka ma mutane wuri, kai ab babu wurin aza kai?" Ya ce, "Inna, wurin ga ruwa ad da shi. In na hana mai, ɗakunan mutane za shi kwana." A gidan haya ya rasu, ya bar matarsa Hajo da ƙananan yara.

Da zai leƙo yau, ban san me zai ce ba. Unguwar ta cika ta batse. Tafkin yana nan, ana shuka shinkafa a gefensa, amma ta gabas tifofi sun fara juye jar ƙasa, kuma bara ruwa ya shiga gidajen layin ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Na tabbata ransa zai ɓaci, sannan ya tafi neman turakunsa.

Watan jiya mai gidan da Hajo take haya ya ce yana son gidansa. Wani ɗan uwanmu magini ya ba ta shawara ta cike rabon yaranta na gonar nan da jar ƙasa kamar yadda wasu ke yi, shi zai tayar musu da ɗaki. Ina zaune a wurin. Wallahi da ta yarda ba zan ga laifinta ba. Amma sai ta ce, "Wurin da ubansu ya bar ma ruwa, ɗiyanai ba su kwana ciki."

Yayana bai bar gini ba, ko a unguwar da ya yanka kaɗan ne suka san sunansa. Ya dai bar matar da ta fahimce shi fiye da mu da muka fito ciki ɗaya. Hajo ta kwaso yara sun dawo gidana. A matse muke ƙwarai, amma tun ranar da ya tafi ban taɓa jin sa kusa da ni kamar yanzu ba. Allah ya jiƙanka, Yaya.