Ƙullin Gyalen Iya Gaji

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya raba arziki, ya kuma umarci bayinsa da su tashi su nema.

Shekara talatin da 'yan kai, duk wanda ya fito daga sallar asuba a Garu yakan haɗu da Iya Gaji dillaliya, faifai a ka, tana ratsa duwatsu zuwa gidan farko. Matan da ba sa fita kasuwa su ne mutanenta. Wannan ta ba ta zare, waccan daddawa, wata man gyaɗa. Ba ta tafiya da ƙwarya cike, ɗan samfur take ɗauka, ta kai shi gidan suna, bakin rijiya da zangon fatake, har ya sami mai so. Ba ta yi karatu mai nisa ba, amma tana da littafinta: duk wanda ta yi niyyar gani, sai ta ɗaura masa ƙulli a bakin gyalenta, kuma ba ta kwance shi sai ta taka ƙofarsa. Maƙwabtanta sun shaida cewa da wuya rana ta faɗi da ƙulli a gyalen nan.

Abin da ta fi yaƙa ba tsada ba ne, ba kuma araha ba. Kalma ɗaya ce: gobe. Idan mace ta ce mata, "Iya, bari sai gobe, zaren bai yi kyan nunawa ba," sai ta ajiye faifai ta ce, "Wace ce Gobe ɗin nan? Na tsufa ina yawo a garin nan, ban taɓa ganin ta sayi ko allura ba."

Zan kawo abu ɗaya da aka yi a gabana. Safiyatu maƙwabciyata ce. Mijinta Lado ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku da itatuwan dabino huɗu. Ta fita takaba, dabino yana jibge a ɗaki, damina kuma ta ƙarato, ƙwari sun fara shigarsa. Yayan mijin, Malam Gwadabe, ya riga ya faɗa cewa idan na bana ya lalace, to mace ba za ta iya ba, zai sayar da itatuwan. Gadon marayu ke nan zai fita daga hannunsu.

Mai saye kuwa yana kusa. Madugu Ashafa, wanda duk shekara shi ke kwashe dabinon Lado, ya sauka a zango. Da can fatake sukan yi kwana goma a nan, amma tun da jirgin ƙasa ya iso Kano, kowa sauri yake yi, kwana uku sun tashi. Safiyatu ta san da haka, ta kasa aikawa. A ganinta, mutumin da bai zo ta'aziyya ba, ba a fara aika masa da zancen ciniki. Kwana biyu tana jiran sallamarsa a zaure.

Ranar Laraba Iya Gaji ta shigo, ta damƙi dabinon, ta shinshina.

"'Yar nan, me kike jira?"

"Iya, ai da kunya. Sai a ce ƙasar kabari ba ta bushe ba na buɗe kasuwa. In sha Allahu gobe zai zo."

"Gobe da asuba jakunansa sun kama hanyar Kano. Ke kin aika masa cewa Lado ya rasu?"

Safiyatu ta ce ba ta aika ba.

"To, ta ina zai ji? Tsuntsu ne zai gaya masa? In sha Allahu guzurin mai tafiya ce, kada ki mai da ita matashin kai. Ba ni faifai mai kyau."

Ta zaɓi dabino cikin tafi biyu, ta rufe, ta ɗaura ƙulli, ta fita da rana tsaka. A zango ba ta ambaci ciniki ba. Ta ce, "Madugu, iyalin amininka ne suke gaishe ka da ɗan abin da ya shuka. Shi kam ya riga mu gidan gaskiya." Waɗanda ke wurin sun ce dattijon ya yi salati, don sai a lokacin ya ji rasuwar. Ashe shi ma jira yake yi, yana ganin Lado ya sami wani mai saye ne ya ƙi leƙo shi. Kafin la'asar yana zauren Safiyatu, ya yi addu'a, ya tambayi yara, sannan da bakinsa ya ce a fito da dabino. Itatuwan nan huɗu suna nan, 'ya'yan Lado ne ke hawansu.

Ke ce, Iya, kika gane cewa kunya ado ce, amma ba a rufe rumbu da ita har hatsi ya ruɓe. Ke ce gadar da ta haɗa tsakar gida da zango, ba ki zubar da mutuncin kowa ba. Ina mamakin yadda mace ɗaya, da ƙafa biyu da gyale ɗaya, ta riƙe tukwanen gidaje masu yawa haka ba su sauka daga murhu ba.

Bana gwiwoyinta sun gaza. Da ta yanke shawarar ajiye faifai, ƙulli ɗaya ya rage: ta yi wa wata masaƙiya, Rakiya, alkawarin nuna zanenta ga wani mai saye a Miga. Aka ce ta aika wani. Ta ce ƙullin da hannunta ya ɗaura, ƙafarta ce za ta kwance shi. Aka ɗora ta a jaki, ta je, ta dawo bayan kwana biyu, zanen bai dawo ba, an saye shi.

Allah ya saka miki da alheri, Iya, ya sa gajiyarki ta zama nauyi a mizani. Ku kuma 'yan'uwana masu sana'a a ɗaki, kowace tana da wanda ta daɗe tana cewa za ta gaisar, da kayan da take cewa bai isa nunawa ba. Ku ɗaura ƙullin yau, ku kwance shi yau. Gyalen Iya Gaji yana hannun Safiyatu yanzu. Na duba shi da idona ranar da aka miƙa mata: bakinsa duk ya tattare saboda ɗauri, amma babu ƙulli ko ɗaya.